Barira Mai Koko da 'Yar Farinta

Duk wanda ya taɓa shan koko a Mayil Tu ta Diyobu, cikin Fatakwal, ya san Barira. In bai riƙe fuskarta ba ya riƙe tsakinta, don mace ce mai jan tsaki daga bakin kasko ya iske mutum a tsallaken titi. Ba masifa gare ta ba. Gajiya ce ta yi mata yawa, in ta rasa ta inda za ta fita sai ta biyo ta tsakanin haƙora.

Daga wani ƙauye na ƙasar Kazaure mijinta Yero ya ɗauko ta, lokacin Turawa na nan daram. Yero ɗan rakiyar shanu ne. Yakan shiga tarago tare da su tun daga arewa, ya sauke wa mahautan Fatakwal, ya wanke kashin shanun da ke jikinsa, ya sake komawa. Matan gida suna cewa bijimai sun fi Barira sanin fuskarsa, ita kuma ba ta taɓa musawa ba. Ya kama mata ɗaki a wani gidan haya mai dogon layi, ɗaki jikin ɗaki, in ka yi atishawa maƙwabci ne zai amsa maka. Da ta ga zaman jiran miji ba ya cika tukunya, sai ta nemi kasko ta fara koko da ƙosai a bakin lambatun ƙofar gida. Geron kuwa Yero ke tahowa da shi a bayan shanu, shi ya sa kokonta ya fi na kowa, har leburorin tashar jirgin ruwa da ba su jin Hausa suka koyi cewa a ƙara.

A gidan nan akwai Iya Rakiya, tsohuwar da mijinta mahauci ya rasu ya bar ta a Kurmi. In ka biye mata, a gabanta aka haƙa teku. Aikinta guda ne, gadin kunya. Kullum tana kan kujerar tsugune tana ƙorafin 'ya'yan da ake haifa a nan, wai sun iya Ibo, sun iya turancin buroka, amma ba su iya durƙuso ba. Uwayensu kuma sun zama kaji, kowacce na tafe da 'ya'ya a ƙarƙashin fiffike, ko nauyin ido babu. In ta gama da kowa sai ta nuna Barira da haɓa ta ce ga wadda ta rage.

Abin da ya jawo wa Barira wannan yabo 'yarta ce ta fari, Hajaratu, wadda kowa ke kira Hajo. Kowa, ban da uwarta. A garinsu mace ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa, ba ta ɗaukarsa a gaban mutane, ko faɗuwa ya yi sai ta kau da kai wani ya tashe shi. A gida abin da sauƙi, da an yaye yaro kaka ko gwaggo za ta ɗauke. A Diyobu ba kaka ba gwaggo, sai Iya Rakiya ta karɓi wanka da kitso, Barira ta ci gaba da lallaɓa kunyarta kamar mai ɗauke da ƙwai a faifai. In tana neman yarinyar sai ta ce "ke," ko ta tambayi bango ina 'yar gidan nan ta shiga. Hajo kuma ta tashi tana ce mata Yaya. Baƙo zai daɗe a gidan bai gane wa ya haifi wa ba.

Hajo na wajen shekara bakwai ciwon ya zo. Ta riƙa shan ruwa kamar randa mai huda, tana ci tana ramewa, tabarma kullum a jiƙe. Aka yi rubutu, aka yi turare, aka jiƙa saiwoyi iri-iri. Bappa mai shayi, wanda teburinsa ke maƙwabtaka da kaskon Barira, shi ya lura tururuwa na taruwa inda yarinyar ta tsuguna, ya ce shi dai sana'arsa ta koya masa abin da tururuwa ke bi. Aka kai ta asibiti rabi a sume. Likita ya ce ciwon sukari ne, irin na yara, wanda ba ya jin jiƙo ba ya jin magiya. Allura ce kowace safiya har iyakar rai. In aka fasa, ko sukarin ya hau ya ƙi sauka, yarinya na iya yin barcin da ba a tashi.

Sai maganar wa zai yi allurar. Iya Rakiya hannunta na rawa, ido kuma ya yi nisa. Yero, mai kayar da bijimi ta ƙaho, da ya ga tsinin allura sai ya ce bari ya sha iska, a kan benci aka same shi ana yi masa fifita. Ya rage Barira. Wata nas, doguwar Ibo mai gajeren haƙuri, ta koya mata a jikin lemo har lemon ya zama rariya. Aka haɗa ta da kaya. Ga sirinjin gilashi da ake dafawa kamar ƙwai. Ga 'yar kwalbar magani da ba ta son zafi, sai an binne ta cikin jiƙaƙƙen yashi a ƙaramin tulu. Ga kuma wani shuɗin ruwa na gwaji, a ɗiga fitsarin yarinya a ciki a tafasa a kan risho. In ya tsaya shuɗi ko kore, lafiya lau. In ya yi ruwan ɗorawa, a yi hattara. In ya koma ja kamar manja, to sukari ya cika jiki.

Haka mai sayar da koko da sukari ta wayi gari da 'yar da ba ta lasar sukari. Komai a aune, ludayin koko marar zaƙi, ɗan ƙosai, wake da ganye, kowanne da lokacinsa kamar salla. Barira ta tashi ta niƙa, ta dama, ta soya, ta dafa allura, ta tafasa fitsari, ta sallami leburori. Ana cikin haka ta haifi namiji, Manu, aiki ya ƙaru. A lokacin ne tsakin nata ya yi tsawo.

Akwai abin da ba ta gaya wa kowa ba, sai dai bangon ɗakin na katako ne, ba ya rasa ɓuli. A bayan labule ake yin allurar, can ƙuryar ɗaki, don cinyar yarinya ba ta kallon jama'a ba ce. In Barira ta zare allura sai ta danne wurin da babban yatsa ta murza. Murzawar nan ba ta ƙarewa da wuri. Hajo ta kwantar da kai a cinyarta, Barira ta bar hannu a bayan yarinyar tana kallon bango, kamar hannun na wata ne aka manta a nan. Sai ƙosai ya fara ƙauri a waje ta ture ta ta ce, "Ke, tashi mini." Da wannan 'yar murza suka ci shekara biyu, kwalbar gwaji na zama kore yawancin safiya.

Sai ga daminar da ake shirin sauke tutar Turawa. Ruwa a Fatakwal ba labari ba ne, garin da riga ke yin fumfuna tana jikin mai ita. Amma na bana ya yi ta zuba ba hutu, ya kuma haɗu da cikar teku. Rafin bayan unguwa ya ƙi karɓa, lambatu suka dawo wa kowa da ajiyarsa. Yero na arewa. Wajen la'asar ruwa ya shigo tsakar gida, kafin a ce a ɗaga tabarmi ya kai gwiwa, takalma da kwanuka suka bi juna suka fice ta ƙofa. Katangar ɗakin ƙarshe ta zauna. Aka ce kowa ya fita, a nufi tudun Mayil Tiri.

Barira ba ta ɗauki zane ba, ba ta ɗauki kasko ba. Ta goya Manu, ta cusa sirinji da ruwan gwaji a bakin tulun magani, ta ɗora a ka ta riƙe da hannu bibbiyu, ta ce wa Hajo ta kama gefen zanenta. Suka shiga jerin mutane, ruwa jawur da laka yana fizgar ƙafa. Daidai inda babban lambatu ya ratsa titi, ba a ganin bakinsa, Hajo ta taka ta ji ba ƙasa. Zanen ya suɓuce mata.

Barira ta ji sakin. Ta juya ta ga kan yarinyar ya nutse ya ɓullo can gaba. In ta saki tulu magani ya tafi, asibiti kuma na can tsallaken ruwa. In ba ta saki ba, ba ta da hannu. Ta buɗe baki, ga maza ga mata, ga Iya Rakiya wani mahauci ya goyo ta, abin da ya fito shi ne abin da bakin ya saba. "Ke. Ke." Bappa mai shayi ne ya yar da butarsa ya faɗa, ya cafko yarinyar ta wuyan riga, ya fito da ita tana aman laka.

Ya kawo ta gaban uwar ya tsayar. Hajo ta ɗaga kai tana kallonta, jiki na kaɗawa. Barira, hannu biyu a kan tulu, idon unguwa duka a kanta, ta dubi gefe ta ce Allah ya tsare gaba, kamar yadda ake ce wa 'yar maƙwabta. Iya Rakiya ta yi kabbara daga bayan mai goyonta, ta ce a duba a gani, ko a tsakiyar ruwa 'yar asali ba ta ɓacewa.

Alhaji Zailani, attajirin fata, ya buɗe wa mutane sitonsa na Mayil Tiri. Dogon ɗaki ne, kwano sama kwano gefe, an jibge ƙiraga a kusurwa, warinsu kuwa ko mai mura ya san inda ya kwana. Aka rataya tabarmi a tsakiya, maza can, mata da yara nan. Ba ƙurya, ba labule. In mace ta sosa baya sai an tambaye ta ko ƙuma ce. Da safe Barira ta ari risho ta dafa allurarta, mata suka kewaye ta kamar mai wasa da kura, yara na leƙe ta ƙarƙashin hammata. Ta soka, ta zare, ta kau da kai, ta ce Iya ta danne wurin. Iya Rakiya ta danne da yatsa mai sanyi tana ba da labarin wata ambaliya da ta fi wannan.

Kwalba ta yi ruwan ɗorawa. Washegari ta yi ja.

Barira ta tono maganin ta duba, bai ga rana ba, ruwa bai shiga ba. Awon allura bai canza ba. Abinci dai ya rikice, don yanzu sai abin da aka kawo a lokacin da aka kawo, amma ta tsaya tsayin daka ta nemo wake, ta hana burodi da garin rogo. Duk da haka ja. To me ya rage in ba sata ba? 'Yan jaje na ta zuwa daga cikin gari, har wasu daga Anaca, kowa da ɗan abin hannu, rake, ayaba, alewa, biskit. Duk wanda ya ji labarin yarinyar da ruwa ya ja sai ya ce a nuna masa ita ya danƙa mata wani abu. Barira ta riƙa bin bayansu tana karɓewa tana godiya, ta raba wa 'ya'yan wasu. Ta laluba zanen Hajo, ta sa ta buɗe baki ta sansana. Daga ƙarshe ta zaunar da ita a tsakiyar sito kan wata busasshiyar fata, inda kowa zai gan ta, ta roƙi matan kowacce ta sa mata ido. Ita kuma ta koma bakin ƙofa inda ta kafa kaskon aro, tunda ambaliya ba ta hana kowa jin yunwa ba.

Hajo ta zauna inda aka ajiye ta. Ba wasa, ba magana, sai ta sha ruwa ta fita ta dawo. Ido ya faɗa, leɓe ya bushe. Matan da ke shimfiɗa kusa da ita suka ce ba ta barci, da ruwa ya fara bugun kwano sai ta tashi zaune ta ƙanƙame gwiwa har ya ɗauke. Jiran ruwa ya ɗauke a Fatakwal kuwa sai mai dogon rai. Barira ta ji, ta ce rashin jin magana ne.

Sai ta tuna da Bappa. Shi ma ya kafa teburinsa a bakin sito, gwangwanin sukari a buɗe, kuma tun da ya tsamo yarinyar yake ji da ita, yana kiranta kifinsa. Barira ta je ta tsaya a kansa, gaisuwar ma a taƙaice.

"Malam Bappa, ka tsamo ta daga ruwa ne don ka kashe ta a tudu?"

Bappa ya ajiye kofin da yake sheƙa shayi da shi. Ya ce shi da ya yi asarar sabuwar buta saboda 'yarta, yau shi ne makashi. Ya rantse ko ƙwaya bai ba ta ba, yarinyar ma ba ta kallon teburinsa, ƙofa kawai take kallo inda uwarta ke suya. Ya ce in matar Yero na neman ɓarawo ta daina leƙa gwangwanin mutane. Masu shan shayi suka yi dariya. Cewa "'yarta" da ya yi a gaban maza ya fi dariyar ƙona ta. Ta koma ciki ta ɗauki mafici ta make Hajo a baya, ta ce ta faɗi abin da take ci.

"Yaya, ban ci ba," in ji Hajo. Ko kuka ba ta yi ba.

Da gari ya waye yarinyar ta fara amai, numfashinta na warin ruɓaɓɓiyar ayaba. Barira ta san warin nan, shi ta ji ranar da aka fara kai ta asibiti. Ruwa ya ɗan ja, motoci sun fara wucewa. Ta goya Manu ta fita neman bas, Hajo na biye da ita tana tangaɗi, ba ta kama zanen kowa ba.

Nas ɗin nan doguwa suka tarar a bakin aiki. Ta ga kwalba, ta ga yarinya, ta kira likita. Aka kwantar da Hajo ana ba ta ruwa da allurai, aka ƙara mata awon na kullum. Da ta dawo hayyacinta nas ta zo tambaya. Barira ba ta jin Ibo, buroka kuma iyakarta ta ciniki, don haka tun farko Hajo ce tafinta a kan ciwon kanta. Barira ta ce a gaya wa nas yarinyar nan satar zaƙi take yi. Hajo ta juya ta faɗa, ba ta rage komai ba. Nas ta dubi yarinyar, ta jawo kujera, ta tambaye ta wani abu a hankali da Ibo.

Sai Hajo ta ɓalle. Yarinyar da aka daina jin muryarta ta riƙa zuba da yaren mutane, tana nuna wuya inda ruwa ya kai mata, tana ɗora hannu biyu a ka kamar mai riƙe da tulu, hawaye na gudu. Barira na zaune tana kallon bakin 'yarta. Tun da ta haife ta ba ta taɓa jin ta yi magana mai tsawon wannan ba, kuma ko kalma ɗaya ba ta tsinta ba. Hannun nan biyu a ka dai ta gane shi.

Nas ta yi dogon bayani, ta ce a faɗa wa uwar. Hajo ta goge hanci ta ce, "Ta ce ba sai an ci ba. Wai tsoro ma yana tada shi, da rashin barci. Wai in jiki ya firgita shi ke zubo nasa sukarin."

Barira ta ce tsoron me kuma, ruwa ai ya wuce, ga ta a tudu. Hajo ta sunkuyar da kai. Nas ta gaji da jira, ta kamo hannun Barira ta manna a ƙirjin yarinyar. Zuciyar na bugawa kamar ta tsuntsun da aka kama. A kan bencin waje akwai wasu mahauta 'yan unguwa da suka zo a ɗaure musu yanka, suna leƙowa. Barira ta zare hannunta ta gyara goyo. Nas ta ja wani tsaki wanda Barira kanta ta yaba a zuci, ta ce da buroka da hannu, yadda ko kurma zai gane, allura tata ce kuma ta ƙara, sauran maganin ba ya cikin kabad ɗinta. In yarinya ta ci gaba da kwana a zaune za su dawo, kuma ba kullum ake komawa gida da ƙafa ba.

Suka koma sito. Barira ta yi ta juya maganar a ranta tana juya ƙosai. Ta ari zane ta rataya a kusurwa, matan suka ce wa ake ɓoye wa, duk ba mata ba ne, mai zanen ma ta zo ta cire za ta yi salla. Ta roƙi Iya Rakiya ta riƙa rungume yarinyar in ana ruwa. Iya ta rungume, Hajo ta zauna a jikinta kamar itace, ido na bakin ƙofa. Ta je ta duba ɗakinsu, laka ce har gwiwa, mai gidan hayar ya ce gyara sai rani. Kwalba ta ɗan sauka da sabon awo, ta sake komawa ja.

A garinsu Barira ta baro uwa, ta baro gona da rijiya da duk wanda ya san sunan kakanta. Kunyar nan kaɗai ta sauko da ita daga jirgi, ita ce kuma kaɗai abin da aka taɓa yabonta da shi a Kurmi. Koko ana sha ne a ajiye kwano a wuce.

Wata azahar hadari ya haɗo daga wajen teku, sito ya yi duhu, kowa ya shigo. Mazan ma suka matso jikin tabarmin tsakiya suna gudun ɗiga. Ruwa ya sauka a kan kwano kamar ana juye tsakuwa. Barira ta shigo da kasko a hannu, ta hango Hajo a kan fatarta ta ƙanƙame gwiwa, ta jiƙa zanenta ba ta ma sani ba. Wata yarinya na nuna ta tana dariya.

Barira ta ajiye kasko. Ta kwance majanyi ta sauke Manu, ta miƙa wa Iya Rakiya. Ta tako tsakiyar sito. Muryar da ta fito ba ta da ƙarfi, gajiya ce zalla, amma duk wanda ke kusa ya ji.

"Hajo. Taso."

Yarinyar ba ta motsa ba. Ta waiga ta gani ko wata ce ta kira ta. Barira ta durƙusa ta juya mata baya ta ce, "Hajaratu, hau mana, gwiwata ta gaji." Hajo ta hau. 'Yar shekara tara, ƙafafu na reto har gwiwar uwar, zane bai rufe ta ba, majanyi da ƙyar ya zagayo. Barira ta miƙe da nishi, ta fara kai da kawowa tsakanin ƙiraga da tabarmi tana jijjiga ta kamar jaririya.

Iya Rakiya ta yi salati. "Barira, 'yar fari ce fa. Ga maza nan."

"Na sani, Iya. Ni na haife ta."

Iya ta ce shi ke nan, Kurmi ta cinye ta ƙarshen, ta juya fuska bango da Manu a cinya. Wata ta ce saura a ba ta nono. Daga bayan tabarma Bappa ya ce a faɗa wa matar Yero gwangwaninsa na gaishe ta. Barira ta ci gaba da kai da kawowa. Ta ji hannun yarinyar ya shaƙe mata wuya, ta ji bugun nan a tsakiyar bayanta, da sauri da sauri, can yana ta raguwa. Kafin ruwan ya ɗauke kan Hajo ya yi nauyi a kafaɗarta, miyau na bin wuyanta. Ba ta sauke ta ba, don tana gudun ta farka. Ranar a makare ta yi la'asar.

Kwalba ba ta yi shuɗi washegari ba. Ja ta yi, mai ɗan haske. Daga baya ta koma ruwan ɗorawa, ta daɗe a nan kamar baƙon da ya ji daɗin gida, kafin ta gangaro kore. Ko allurar nas ce, ko bayan Barira ne, ko barcin ne, an yi ta gardama a teburin shayi ba a gama ba. Har daminar ta ƙare, duk hadarin da ya taso Barira na sauke ƙarami ta ɗauki babba. Da sukarin ya sauka ma sai ga sabuwa, awon da aka ƙara ya yi wa jikin yawa. Wata hantsi Hajo ta jiƙe da gumi ta fara karkarwa, sai ga Barira a guje gaban teburin shayi tana neman ƙwayar sukari, yadda aka koya mata. Bappa ya miƙa mata gwangwanin gaba ɗaya, ya bar tsiyar sai da yarinya ta tashi, kuma har yau bai gama ba. Aka koma wurin nas ta rage awo.

Iya Rakiya ta daina nuna Barira da haɓa. Ta kuma yi yajin kokonta, sai da ta ga na sauran ruwa ne tsagwaronsa ta dawo tana sha tana ƙorafi. Yero tun a mahauta ya ji labari kafin ya iso gida, ya ce shi dai a bar shi da shanunsa, su ba a yi musu kunya. Unguwa ta raɗa mata suna, Barira mai goyon budurwa, har 'yan Inugu in sun zo cin kasuwa haka suke tambayar kaskonta.

Hajo na nan da ranta. Ta iya soka wa kanta allura yanzu, ta kusa kamo uwar a tsawo. Likita bai taɓa yi musu alkawarin komai ba, Barira ma ba ta tambaya. Kowace safiya dai ana ɗora kwalba a wuta a jira a ga abin da Allah ya yi. Bayan Barira ne bai sake miƙewa sosai ba tun daminar nan, in za ta tashi daga gaban kasko sai ta dafa gwiwa ta yi nishi. In aka tsokane ta aka ce ina kunyar da ake faɗa, sai ta ce tana siton Alhaji cikin ƙiraga, mai so ya je ya ɗauka. Sannan ta juya, ga leburori ga mahauta ga duk mai jiran canji, ta ɗaga murya cikin gida.

"Hajo, kin ci waken nan ko sai na taso?"